Gudun Wuce Sa'a A Cikin Gari: Ƙaddara Ba Ta Sauke Wa Direba Alhaki

 

Ranar Litinin 9 ga Agusta, 2021, wata motar sintiri ta jami'an kwastam ta afka cikin mutane a bakin titi a garin Jibiya, ta hallaka rayuka da dama, ta jikkata wasu. Mutanen gari suka ce motar tana bin 'yan fasa-ƙwaurin shinkafa ne, hukumar kuma ta ce birki ne ya ƙwace wa direba. Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi Allah wadai da abin da ya faru, har ya yi barazanar kai ƙara kotu. Kowace magana ce gaskiya daga cikin biyun, abu guda bai da gardama: motar da ke tafiya a hankali cikin gari ba ta kashe mutane masu yawa a lokaci guda, ko da birkinta ya mutu.

Wannan haɗari ya shiga jaridu ne saboda yawan waɗanda suka rasu da kuma wanda motar take tasa. Waɗanda ba su shiga jarida ba sun fi yawa: yaron Islamiyya da aka banke yana tsallaka titi, ɗan acaɓar da motar haya ta tura cikin lambatu, tsohuwar da ta fito kasuwa ba ta koma gida ba. Mu da muke zaune a wannan yanki, daga Kusa zuwa Magama har cikin garin Jibiya, mun san yadda ake rufe irin wannan magana. A yi jana'iza, a zauna ta'aziyya, a ce kwana ne ya ƙare, a ce an yafe, direba ya koma kan sitiyari bayan kwana uku. Abin da muke so mu bayyana a wannan shafi shi ne, imani da ƙaddara gaskiya ne, amma shari'a ba ta taɓa mayar da shi hujjar wanke mai ganganci ba, kuma ƙa'idar gudu da hukuma ta sa a cikin gari tana daga haƙƙin rai wanda za a tambayi bawa a kansa.

Titin da ya zama kasuwa

Hanyar da ta taso daga Katsina ta biyo Jibiya, ta tsallaka iyaka a Magama zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, hanya ce ta fatauci tun kafin zuwan mota. A yau tirela da tanka da motocin haya da J5 masu lodin hatsi duk a kanta suke bi. Sai dai idan ta shigo gari ba ta zama babbar hanya kawai ba, tana zama kasuwa, tana zama hanyar makaranta, tana zama farfajiyar masallaci ranar Juma'a. Mai shayi da mai tsire da mai facin taya duk a bakin kwalta suka kafa sana'a. Amalanken shanu da kurar 'yan ga-ruwa da garken tumaki suna raba hanya da motar da ke iya gudun kilomita 140 cikin awa ɗaya. Ranar Lahadi, da kasuwar Jibiya ke ci, cunkoson yana ninkuwa.

Al'amuran iyaka sun ƙara wa lamarin zafi. An rufe iyakokin ƙasa na tudu a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, aka buɗe a Maris na 2024. A tsakanin nan, cikin Nuwamban 2019, aka hana kai man fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Duk lokacin da aka toshe hanyar halal ta fatauci, sai 'yan fito su yawaita, kuma jarin ɗan fito shi ne gudu. Mota cike da buhunan shinkafa ko jarkokin fetur tana tsere wa jami'ai, jami'ai suna biye, su duka biyun sun ƙure maleji, a kan titin da yara ke tsallakawa. Sannu a hankali wannan tuƙi ya zama abin koyi ga samarin da ba su ɗauko komai ba, har ana yi wa direba kirari da cewa ba ya taka birki.

Abin da doka ta ƙayyade

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fayyace iyakar gudu a ƙa'idojin hanya na Nijeriya. A cikin gari, ƙananan motoci da tasi da bas da babur ba za su wuce kilomita 50 cikin awa ɗaya ba, tanka da tirela kuwa kilomita 45. A babbar hanya ta bayan gari, ƙaramar mota da motar haya kilomita 80 ne, tanka da tirela 50. A tagwayen hanya ne kaɗai aka yarje wa ƙaramar mota ta kai 100, motar haya 90, tanka da tirela 60. Tun ranar 1 ga Fabrairu, 2017 hukumar ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu. Dokar hukumar ta 2007 kuma ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7 ga wanda ya kashe mutum ta hanyar tuƙin ganganci.

Ya kamata a fahimci cewa kilomita 50 iyaka ce ta sama, ga titin da yake sarari. A gaban makaranta, ko ƙofar kasuwa, ko lokacin fitowa daga masallaci, ko ranar da hazon hunturu ya rufe gari, 50 ɗin ma ta yi yawa. Shi ya sa taron ministocin duniya kan kiyaye haɗurra da aka yi a Sitokholm ta ƙasar Suwidin a Fabrairun 2020 ya ba da shawarar kilomita 30 a duk wurin da motoci ke cakuɗuwa da masu tafiya a ƙasa.

Alƙaluma sun nuna dalilin wannan tsanantawa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Fiye da rabin mamatan masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, wato waɗanda ba su da ƙarfen da zai kare su. Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mutuwar idan aka gwada da yawan jama'arta. A Nijeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ƙidaya mamata sama da 5,000 a 2023, haka kuma a 2024, ban da waɗanda aka binne ba tare da an kai rahoto ba, kuma gudun wuce sa'a shi ne sababin da ya fi yawa a rahotanninta.

Lissafin da ido ba ya gani

Direba yakan ce ya san hannunsa, ya shekara ashirin yana tuƙi. Amma akwai lissafin da gwaninta ba ta canza shi. Motar da ke gudun kilomita 50 tana cin kusan mita 14 a kowane sakan. Mai gudun 80 tana cin mita 22. Tsakanin lokacin da ido ya ga yaro da lokacin da ƙafa ta bar totur ta taka birki, akwai aƙalla sakan ɗaya ga mutumin da yake a farke, hankalinsa na kan hanya. A cikin wannan sakan motar tana tafiya da cikakken gudunta, kamar babu kowa a cikinta.

Mu ƙaddara yaro ya faɗo titi a nisan mita 30. Mai gudun 50, idan kwalta busasshiya ce kuma tayoyinsa da birkinsa lafiya lau, zai ci mita 14 kafin ya taka birki, ya ci wasu kimanin 14 yana tsayawa, ya tsaya daf da yaron. Mai gudun 80 zai ci mita 22 kafin ƙafarsa ta taɓa birki, saura mita 8 kacal, sai ya bugi yaron yana kan gudun kusan 70. Direba ɗaya ne, mota ɗaya, yaro ɗaya, bambancin kawai abin da maleji ya nuna. Wannan fa a kan titi mai kyau ke nan. Idan aka ƙara da yashin da iska ke kwararowa kan kwalta a yankinmu, da tsofaffin tayoyi na gwanjo, da lodin da ya wuce ƙima, da wayar da ke kunnen direba, nisan tsayawa ya ƙaru ƙwarai.

Ƙarfin bugu kuma ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, yana gaba da shi. Idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin bugun yana ninka sau huɗu. Wanda mota ta buge tana gudun 50 kamar wanda ya faɗo daga bene hawa uku ne, kusan mita 10. A gudun 80 kuwa kamar faɗowa ce daga mita 25. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yiwuwar mutuwar mai tafiya a ƙasa tana ninkuwa sau huɗu da rabi idan gudun motar ya tashi daga 50 zuwa 65.

To me ake samu a madadin wannan kasada? Wanda zai ratsa gari mai tsawon kilomita 3 da gudun 50 zai ɗauki minti 3 da sakan 36. Da gudun 80 zai ɗauki minti 2 da sakan 15. Ribar ba ta kai minti ɗaya da rabi ba. A tafiyar kilomita 45, kwatankwacin Katsina zuwa Jibiya, mai gudun 120 yana riga mai gudun 80 da minti 11 ne kawai, abin da bai kai zaman shan shayi a tasha ba. Hausawa sun riga sun faɗa, sauri ya haifi nawa.

Fiƙihu ya riga mota zuwa

Wasu na ɗauka dokokin hanya al'amarin boko ne da babu ruwan addini da shi. Ɗaliban da suka karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu shekara ta 386 bayan Hijira, sun san ba haka ba ne. A babin jini da haddi malamin ya tabbatar da cewa mai kora dabba da mai janta da mahayinta duk suna ɗaukar lamunin abin da ta tattake. Tun kafin shi, Imam Malik ya kawo wannan hukunci a Muwaɗɗa, ya kafa hujja da cewa Sayyidina Umar ya hukunta biyan diyya a kan mutumin da ya sukwani dokinsa ya taka wani har ya yi sanadin mutuwarsa. Dabba tana da rai da nata ganin dama, tana iya tuma ko ta yi tutsu, duk da haka aka ɗora wa mahayi. Ina ga mota, wadda ba ta motsi sai da ƙafar direba, ba ta juyawa sai da hannunsa?

Sunna ma ta koyar da yadda ake auna gudu. A Hajjin bankwana, lokacin da jama'a suka taso daga Arfa zuwa Muzdalifa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ji hayaniya da dukan raƙuma a bayansa, sai ya umarci mutane da natsuwa, ya sanar da su cewa ba a samun lada da gaggauta abin hawa. Jabir ya ba da labarin yadda ya ja ragamar taguwarsa har kanta ya kusa taɓa sirdi. Usama bin Zaid, wanda yake goye a bayansa, ya ce tafiya yake yi matsakaiciya, idan ya sami sarari sai ya ƙara sauri. Wannan shi ne asalin ƙa'idar gudu baki ɗaya: a cikin cunkoso a ja ragama, a sarari a ƙara gwargwadon hali.

Ya kuma umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu, don kada ya yi wa wani Musulmi rauni. Wanda aka ba wannan umarni bai yi nufin cutar da kowa ba, wucewa kawai zai yi. Idan an tsananta haka a kan kibiyar da ke cikin hannu, yaya mai ratsa kasuwar Jibiya da ƙarfen da ya haura tan ɗaya? Ya hana ma a taho salla da gudu bayan an tayar da iƙama, ya ce a zo da natsuwa a sallaci abin da aka riska a cika saura. Wanda aka hana shi gudu da ƙafa don ya riski raka'a ba shi da hujjar gudu da mota don ya riski huɗubar Juma'a ko buɗa-baki a gida.

Malaman zamani sun ɗora mota a kan wannan tushe. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na 8 da aka yi a ƙasar Burunai cikin Muharram 1414, daidai da Yunin 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, domin yana cikin yi wa shugaba ɗa'a a abin da ya tsara don maslahar jama'a. Ta kuma tabbatar da cewa direba yana ɗaukar alhakin abin da motarsa ta jawo na rai ko gaɓa ko dukiya, ba a sauke masa sai idan abin ya zo ta wata hanya da ba zai iya kaucewa ba, ko kuma wanda aka buge shi ne ya jawo da gangancinsa. Ke nan wanda ya kiyaye ƙa'ida, motarsa lafiya, wani ya faɗo masa ta inda babu dabara, wannan hukuncinsa daban. Wanda ya shigo gari da gudun 90 kuwa ya riga ya saɓa tun kafin ya bugi kowa, ko da Allah ya tsare bai bugi kowa ba.

“Mun yafe, ƙaddara ce”

Allah ya bayyana hukuncin kisan kuskure a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i, ya ɗora abu biyu: diyya da ake miƙa wa iyalan mamaci, da kaffara. Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, wanda ya kai kimanin kilo 4 da kwata, ko dirhami 12,000 na azurfa. A kisan kuskure dangin mai kisan na wajen uba, waɗanda fiƙihu ke kira aƙila, su ke haɗa ta cikin shekara 3. Kaffara kuwa 'yanta bawa mumini ne, wanda bai samu ba ya yi azumin wata biyu a jere, kuma a mazhabar Malikiyya babu ciyarwa a madadinsa. Tana maimaituwa da yawan rayukan da suka salwanta: direban da gangancinsa ya kashe fasinjoji 7, azumin wata 14 ke kansa.

A nan ne al'adarmu ta kauce a wurare biyu. Na farko, yafiyar iyali tana sauke diyya ne kawai, domin ita ce haƙƙinsu. Kaffara haƙƙin Allah ce, babu kawu ko baffa ko mai unguwa da ke da ikon yafe ta. Direbobi nawa ne a tashoshinmu ke yawo da bashin azumi a wuyansu, ba wanda ya taɓa gaya musu?

Na biyu ya fi ciwo. Diyya gado ce, ana raba ta tsakanin magada kamar sauran dukiyar mamaci. Matar mamaci tana da rabonta, mahaifiyarsa tana da nata, 'ya'yansa suna da nasu. Baligi mai hankali yana da ikon yafe rabon kansa, kuma yana da lada. Amma ba shi da ikon yafe rabon wani, balle rabon maraya ƙarami, wanda waliyyinsa ma shari'a ba ta ba shi damar sarayar da dukiyarsa a banza ba. Sau da yawa wani dattijo ne a zaure, wanda ko gadon ma ba ya ci, zai ce wa tawagar direbobi an yafe duniya da lahira, alhali matar tana cikin gida tana takaba da yara biyar, ba wanda ya tambaye ta. Bayan shekara guda sai a ga yaran sun bar makaranta suna talla a bakin titin da ya cinye ubansu. Karɓar diyya ba cin kuɗin jini ba ne kamar yadda wasu ke ƙyamata, hukuncin Allah ne da ya saukar don kada jinin mumini ya tafi a banza, kuma don dangi su riƙa tsawata wa nasu. Da a ce kowane gida ya san za a zo karɓar kasonsa na diyya, da an daina miƙa wa yaro ɗan shekara 14 makullin mota.

Maganar ƙaddara kuwa, babu mai musun cewa ajali ba ya gaba ba ya baya. Wanda aka harbe ma da ajalinsa ya mutu, amma ba a sallami maharbin ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya amsa cewa daga wata ƙaddarar Allah suke gudu zuwa wata. Rage gudu ƙaddara ce, gyara birki ƙaddara ce. Ƙaddara abin rarrashin wanda aka yi wa rashi ne, ba garkuwar wanda ya yi sakaci ba.

Uzurorin da ake kawowa

Adalci ne mu saurari direba. Uzurinsa na farko tsoro ne. Hanyoyin wannan yanki sun sha fama da 'yan bindiga, har gwamnatin jiha ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure a 2021. Wanda ya hango masu bindiga a daji ya taka mota don tsira da ransa da na fasinjojinsa, babu mai zarginsa. Amma lalura ana auna ta ne da gwargwadonta. Idan an shigo gari lalurar ta ƙare, kuma ba a tsere wa mutuwar da ake zato ta hanyar jefa yaran mutane cikin wadda ta fi ta kusa. Mai tsoron dare ya yi sammako.

Na biyu shi ne yawan shingayen bincike a hanyar Katsina zuwa Jibiya, inda direba ke ɓata lokaci da kuɗi, sai ya nemi fanshewa da gudu da ƙarin lodi. Na uku shi ne balas ɗin da mai mota ya yanka masa, wanda ba ya fita sai ya yi sawu uku ko huɗu a yini. Waɗannan koke ne na gaskiya, kuma wanda ya matsa wa direba har ya kai shi ga ganganci yana da nasa kason na zunubi. Sai dai zaluncin da aka yi maka a shinge ba ya halatta maka jinin wanda ke tsaye a bakin titi, domin ba shi ya zalunce ka ba.

Game da jami'an da ke bin mai laifi, aikinsu na tsare iyaka aiki ne da doka ta ɗora musu. Amma kiyaye rai yana gaba da kiyaye dukiya a jerin manufofin shari'a, kuma tunkuɗe ɓarna yana gaba da jawo amfani. Motar da ta tsere yau ana iya ɗaukar lambarta a kama ta gobe. Babu adadin buhunan shinkafa da ya kai ran yaro ɗaya. Haka nan ayarin 'yan siyasa da na ɗaukar amarya, inda samari ke wasa da mota da babur a tsakiyar jama'a: babu wata lalura a nan ko kaɗan, alfahari ne tsagwaronsa, kuma Alƙur'ani ya yabi bayin Allah da tafiya a bayan ƙasa cikin ƙanƙan da kai.

Kowa da nasa kason

Fasinjan da ke zuga direba ya taka, ko yake yi masa gori idan wata mota ta wuce su, ya yi tarayya a abin da zai biyo baya. Wanda ya ga ana gudun ganganci ya yi shiru don kada a ce matsoraci ne, ya bar hani da mummuna a wurin da ransa ma ke ciki. Ya yi magana da ladabi, ya ce malam direba a rage, idan an ƙi ya sauka a gari na gaba.

Shugabannin ƙungiyar direbobi suna da ikon da jami'in hanya ba shi da shi, domin su ke ba da layi a tasha. Suna iya hana lodi ga motar da aka cire wa na'urar ƙayyade gudu, da direban da aka san yana shan ƙwaya don ya kori barci. Majalisar Fiƙihun da muka ambata, a zamanta na Dubai a 2005, ta yarda ƙungiyoyin masu sana'a ɗaya da asusun takaful su tsaya a matsayin aƙila idan babu dangin da za su ɗauka. Ƙungiyar da ke karɓar kuɗin tikiti kullum tana iya ware asusun diyya, kuma ranar da ta fara biya daga aljihunta, ranar za ta fara hukunta masu ganganci a cikinta.

Hukumomi, daga ƙaramar hukuma zuwa KASSAROTA ta jiha da Hukumar Kiyaye Haɗurra, su kafa allunan gudu a mashigar kowane gari da Hausa da lambobi manya, su yi tudun rage gudu mai fenti a gaban makarantu da kasuwanni, su matsar da masu kasa kaya daga kan kwalta. Mu ma masu wa'azi da limamai akwai namu: kada sahun Juma'a ko taron ɗaurin aure ya toshe babbar hanya ba tare da masu ba da hannu ba, kuma makarantun Islamiyya da na allo su sa babba ya tsallakar da yara lokacin tashi. Iyaye mata su daina aiken ɗan shekara 5 ƙetaren titi, domin yaro a wannan shekaru ba ya iya auna gudun motar da ke tahowa.

Idan abin ya auku

Direban da ya bugi mutum wajibinsa ne ya tsaya ya kai shi asibiti, domin jinin da ke zuba ba ya jira, kuma mai mummunan rauni sau da yawa sai an wuce da shi Katsina. Idan yana tsoron taron jama'a, ya nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa ya kai kansa, a kira lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, 122. Jama'a kuma su sani dukan direba ko ƙona mota haramun ne, kuma wannan ɗabi'a ita ke sa direbobi gudu su bar mutum yana shure-shure a kan kwalta. Masu ɗaga waya suna ɗaukar hoton gawa da masu rauni don watsawa a Facebook da WhatsApp su ji tsoron Allah, mutuncin Musulmi ba ya faɗuwa don ya faɗi a titi. Tantance mai laifi aikin alƙali ne tare da masana hanya. Bayan an tantance, a tara magada duka, mata da maza, a gaya musu haƙƙinsu kafin a nemi yafiya, a keɓe rabon marayu, a kuma gaya wa direba abin da ke kansa na azumi.

Ya ɗan'uwa mai tuƙi, addu'ar hawa abin hawa da muke karantawa kullum, wadda ke cikin Suratuz Zukhruf, tana ƙarewa ne da tuna cewa ga Ubangijinmu za mu koma. Wanda ya karanta ta da fahimta, idan ya hango gidajen farko na gari zai ɗaga ƙafa daga totur ya dubi maleji, ko akwai jami'i a wurin ko babu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanyoyinmu, ya ba masu jinya lafiya, ya tsare hannayenmu daga jinin bayinsa, ya kai kowane matafiyi gida lafiya. Amin.